Jimlar farko da matakan kanu a kundin sani na intanet

Wanda ya buɗe maƙalar Wikipedia a salularsa ba ya ganin maƙalar gaba ɗaya. Abin da ke bayyana a gabansa shi ne sunan maƙalar, da ƴan layukan da suka zo kafin kan farko, sai kuma jerin kanun sassa, kowane a naɗe, ba ya buɗewa sai an taɓa shi. Da yawa daga masu karatu nan suke tsayawa. Ko injin bincike ma, in ya ɗauko bayani ya ajiye a gefen shafi, galibi daga waɗannan layukan yake tsinkowa. Ashe ke nan abubuwa biyu ne suke ɗauke da nauyin maƙala, mabuɗinta da kanunta, kuma su ne abubuwan da mai rubutu da Hausa ya fi yi wa riƙon sakainar kashi.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi dole ya iya faɗin mene ne abu cikin jimla ɗaya, ya kuma iya jera ilimi hawa-hawa ba tare da ya jingina da wani harshe ba. Kundin sani na intanet fili ne da ake gwada haka kowace rana, a bainar jama'a, ba tare da wani mai tacewa da aka ɗauka aiki ba. Saboda haka batun bai tsaya ga masu sha'awar kwamfuta ba. Aikin masu nazarin harshe ne, domin kusan duk matsalar da ke ciki ta ginin jimla ce da ta ma'ana.

Matsalar farko daga suna ta faro. Ana kiran wannan sashe na sama gabatarwa, kuma kalmar tana jan ɗalibi zuwa ga abin da ya saba. Wanda ya fito daga makarantun Nijar ya yi shekaru yana koyon gabatarwa irin ta tsarin Faransa: a kewayo da batu daga nesa, a aza tambaya, sa'an nan a shelanta sassan da za a bi, amsa kuwa a ɓoye ta sai ƙarshe. Ga kuma al'adar gida, wadda ba ta yarda mutum ya faɗa cikin magana ba sallama. Ko wasiƙa sai an gama gaisuwa da fatan alheri kafin a zo ga dalilin rubuta ta. Duka biyun suna da muhallinsu. Amma mabuɗin maƙalar kundin sani kishiyarsu ne. Shi amsa yake fara bayarwa. Wikipedia ta Faransanci ta fi kusa da gaskiyar abin da ta sa masa suna résumé introductif, wato taƙaitawa ce da aka ajiye a bakin ƙofa. Ba a sa masa kai, domin sunan maƙalar shi ne kansa. Mai rubuta “Gabatarwa” a samansa ya mayar da shi sashe kamar kowane sashe, salula kuma za ta naɗe shi, mai karatu ya tarar da suna kawai ba bayani.

A ɗauka ɗalibi zai rubuta maƙala a kan Abdou Moumouni. Tarbiyyarsa za ta sa ya fara da cewa tun fil azal ƙasar Nijar take haifar da manyan masana, kuma a wannan maƙala za a duba rayuwar ɗaya daga cikinsu. Layi uku sun wuce, mai karatu bai san ko mutumin likita ne ko mawaƙi ba. Abin da ake so shi ne: “Abdou Moumouni Dioffo (1929–1991) masanin fiziya ne ɗan Nijar, haifaffen Tasawa, wanda aka sani da bincike a kan makamashin hasken rana.” Jimla ta biyu ta ce shi ya rubuta L'éducation en Afrique a 1964, kuma sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi. Wanda ya tsaya nan ya tafi da abin da zai iya maimaitawa ba tare da kuskure ba.

A wannan jimla ta farko ne nahawu yake da abin cewa, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Ginshiƙinta dirka ce, ne ko ce. Ingilishi da Faransanci suna da aikatau mai nuna lokaci a wannan gurbi, shi ya sa fassara kai tsaye take haifar da “ya kasance” a duk inda aka yi maganar mamaci: wane ya kasance masani, wance ta kasance malama. Dirka ba ta da lokaci. “Masanin fiziya ne” ya isa ga rayayye da wanda ya rasu, shekarun da ke kusa da suna su ne suke sanar da rasuwa. “Ya kasance” na da aikinsa a inda hali ya sauya ko ya ɗore na wani lokaci, amma in an mayar da shi madadin dirka sai jimla ta yi nauyi, har ta sa a yi zaton mutumin ya bar sana'ar daga baya. Haka “wani” da ake cusawa don a cike gurbin ƙaramar kalmar nan ta Turawa mai zuwa kafin suna. A Hausa “wani” na nufin akwai takamaiman abu da ba a ambaci sunansa ba tukuna, shi ya sa labari yake farawa da wani sarki a wani gari. “Maraɗi wani birni ne” ya yi kama da maganar wanda ya ji labarin garin daga nesa. “Maraɗi birni ne a kudancin Nijar” ya wadatar.

Akwai kuma bambancin da fassarar na'ura ba ta cika kiyayewa ba, tsakanin “wane abu kaza ne” da “wane shi ne abu kaza”. Na farko yana sa abu cikin jinsinsa, na biyu yana cewa shi kaɗai ne. “Yamai ita ce babban birnin Nijar” daidai ne, tun da babban birni ɗaya ne. “Diori Hamani shi ne shugaban Nijar na farko” daidai ne, “Diori Hamani ɗan siyasa ne” ma daidai ne. Amma “Diori Hamani shi ne ɗan siyasa” ta kore duk sauran ƴan siyasa daga fage. Kuskure ne na kalma biyu, amma ya sauya gaskiyar magana, kuma a jimlar da aka fi karantawa. Wurin zaman dirka ma yana da ma'ana. In an ce “Tawa gari ne a Adar” an bayyana mece ce Tawa. In an ture dirka zuwa ƙarshe, nauyin magana sai ya koma kan wuri, kamar ana gyara wa wanda ya ce a Gobir take. Ɗalibin da ya karanta babin jaddadawa a nahawun Paul Newman na 2000 ko na Philip Jaggar na 2001 ya san wannan a jarrabawa. Abin mamaki shi ne yadda sanin yake ɓacewa da zarar an zauna gaban allon rubutu.

Sai batun jinsi, wanda yake tasowa tun a layi na biyu. Sunayen garuruwa mata ne, amma “birni” da “gari” maza ne. Dirka takan bi sunan da ke kusa da ita, sai a ce “Damagaram birni ne”, jimla ta gaba kuma ta koma “tana” domin sunan garin ya dawo. Babu laifi a nan muddin mai rubutu ya san abin da kowane wakilin suna yake komawa gare shi. Laifin yana zuwa ne in sakin layi ɗaya ya yi ta lilo tsakanin “yana” da “tana” ba dalili. Ɗan Adar kuwa, wanda a bakinsa dirka na da ta ce, kamar yadda Bernard Caron ya bayyana a littafinsa na 1991 a kan Hausar Adar, yana da zaɓin da zai yi. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne a riƙe ne da ce a jikin maƙala, domin shafi ɗaya ne mutumin Tawa da na Zariya da na Kumasi suke karantawa, a kuma ba Adaranci cikakkiyar maƙalarsa da misalansa, inda za a rubuta na da ta a matsayin abin nazari.

Damagaram ta nuna wani aikin da mabuɗi yake yi. Gari ne mai suna biyu: taswira da takardun hukuma suna cewa Zinder, bakin jama'a yana cewa Damagaram, kuma Damagaram ɗin sunan daular ne da ta yi ƙarfi a ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarki Tanimun. Mai karatu a Kano ko a Njamena yana iya zaton wurare biyu ne. Jimlar farko ce za ta haɗa sunayen biyu, a rubuta su da kaurin baƙi, ta kuma nuna ko maganar birni ake yi, ko ta jaha, ko ta daula. Daga nan sai abin da ya fi muhimmanci: nan ne mazaunin mulkin mallaka har 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai. Sunayen unguwanni, Birni da Zango da Sabon Gari, suna iya jira a ciki.

Kirari shi ne abin da ya fi wuyar bari. Harshen da ya ƙware wajen yabo ba ya son ambaton babban mutum haka tsurarsa, sai an ce shahararre, fitacce, gwarzo. A taron suna ko a fada wannan ladabi ne. A mabuɗin maƙala kuwa kalmomin ba sa ƙara komai, tun da kowa ana iya kiransa fitacce, kuma suna cinye gurbin abin da mutumin ya yi. Faɗin cewa wane ya shugabanci ƙasa daga 1960 zuwa 1974 ya fi kiransa gwarzo nauyi, domin ana iya bincikawa a tabbatar. Ƙa'idar da ke biye da wannan ita ce kada a sa wani abu a mabuɗi wanda babu shi a jikin maƙala tare da madogararsa. Shi ya sa ya fi kyau a rubuta mabuɗi a ƙarshe, ko da yake shi ake fara karantawa.

Masu ƙorafi suna cewa duk wannan ɗora wa Hausa rigar aro ce, ƙa'idojin da aka tsara don Ingilishi ana tilasta wa harshen da ke da nasa salon zance. Ƙorafin yana da tushe a wasu wurare. Babu dalilin da zai sa Hausa ta kwaikwayi doguwar jimlar Ingilishi mai jero sifa huɗu kafin suna. Gara a raba ta biyu ko uku, kowace da dirkarta. Amma fara magana da ma'anar abu ba baƙon salo ba ne. Malamin zaure in zai karantar da babin tsarki, da faɗin ma'anar kalmar yake farawa, a lugga da kuma a shari'a, kafin ya shiga rabe-rabe. Jera kanu hawa-hawa ma tsohon abu ne a ƙasar nan. Risala ta Ibn Abi Zaid babi-babi aka tsara ta. Muhtasar na Halil yana da babi, a ƙarƙashin babi kuma fasali. Masu kwafe littattafai da hannu sukan rubuta kalmar babu da faslun da jan tawada don ido ya same su da sauri, kuma duk wanda ya duba rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke cibiyar binciken IRSH a Yamai zai ga haka. Wanda ya san fasali ba ya zama sama da babi ya riga ya san rabin abin da manhajar MediaWiki take nema a wurinsa.

Manhajar tana da matakai shida, ana nuna su da alamar daidai a gaba da bayan kalma. Mataki na ɗaya na sunan maƙala ne, ba a amfani da shi a ciki. Manyan sassa suna ɗaukar alama bibbiyu, ƙananan da ke ƙarƙashinsu uku-uku, haka har ƙasa, ko da yake da wuya maƙala ta buƙaci wuce mataki na huɗu. Daga waɗannan alamomi ne na'ura take haɗa jerin abin da ke ciki, take ba kowane sashe maɓallin gyara nasa, take kuma sanin inda za ta naɗe a salula. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓen mataki saboda girman baƙi. Mai rubutu ya ga mataki na biyu ya yi masa girma a ido, sai ya tsallaka zuwa na huɗu, ko ya rubuta layi da kaurin baƙi ya bar shi a matsayin kai. A ido abin ya yi kyau. Amma makaho mai sauraron shafi ta manhajar da ke karanta allo daga kai zuwa kai yake tsallakawa, kuma kan da ba na gaskiya ba manhajar ba ta ganinsa. In an tsallake mataki, sai ya ji kamar akwai sashen da ya ɓace masa.

Abin da ya fi wannan zurfi shi ne kowane tsarin kanu da'awa ce. A maƙalar harshen Hausa, in an sa “Karin harshe” a mataki na biyu, sa'an nan aka sa “Adaranci” a matakin nan dai, an zaunar da ɗa a kujerar ubansa. In an raba karin harshe gida biyu, gabas da yamma, an sa Kananci a nan, Sakkwatanci da Gobiranci da Adaranci a can, to an ɗauki matsayi a kan rabon da masana suka yi, kuma tambayar Katsinanci na Maraɗi za ta taso nan take, tun da ba kowa ya ajiye shi wuri ɗaya ba. Mai rubutu ba zai iya fakewa da cewa shi tsari kawai yake yi ba. Inda rabo yake da saɓani, mafita ita ce a jera karin a mataki ɗaya, a bar jimla ta bayyana saɓanin, domin jimla tana iya cewa “wasu na ganin”, kai kuwa ba ya iyawa. Haka kuma ƙaramin kai guda ɗaya tak a ƙarƙashin babba alama ce ta tunanin da bai nuna ba: abin da aka raba ba ya fita kashi ɗaya. A ɗaya gefen, wanda ya saba da tsarin sassa uku, kowane da rassa uku, kada ya tilasta wa tarihin Maraɗi wannan ma'auni. Kafuwar garin a hannun sarakunan Katsina da suka baro ƙasarsu bayan jihadi a farkon ƙarni na 19 tana iya cin sakin layi shida. Ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945, wadda ta sa aka tayar da gari zuwa tudu, tana iya isa a biyu. Yawan abin faɗa ne yake yanke tsawon sashe.

Kai a Hausa yana da wata lalura da babu irinta a Faransanci. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, mahallin jimla ne yake warware ma'ana. Kai kuwa ba shi da jimla, shi kaɗai yake tsaye. A maƙalar jahar Tawa, kan da ya ce “Fari” yana iya zama rashin ruwan sama, ko launi, ko jam'in fara, kuma abin takaici biyu daga ciki duk sun shafi noman yankin. “Fari da yunwa, 1973 zuwa 1974” ya kawar da shakka. “Gari” ma haka, a maƙalar da ta shafi gero. Gajarta kai abu ne mai kyau, amma a Hausa kalma ɗaya sau da yawa ba ta isa, sai an ƙara mata abokiya. Baƙaƙe masu lanƙwasa kuma ba ado ba ne: “Kasa” maciji ne ko gazawa, “Ƙasa” ce ake nufi a maƙalar labarin ƙasa. Akwai dalili na fasaha da zai sa a rubuta su daidai tun farko. Kowane kai adireshi ne da wasu shafuka suke iya nunowa kai tsaye, in aka gyara harafi ɗaya daga baya, mahaɗin da aka yi da tsohon rubutu ba zai ƙara kai mutum sashen ba. Nan ne bambancin ƙa'idar rubutu yake shigowa, domin Nijar, bisa ƙa'idar da hukuma ta tabbatar a 1999, tana rubuta ƴ a inda Nijeriya take rubuta 'y. Kan da ya fara da “Ƴan” da wanda ya fara da “'Yan” abu ɗaya ne ga mutum, abu biyu ne ga na'ura. Masana sun zauna a Bamako a 1966, sun sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa, wannan harafi dai bai daidaita ba, kuma mai neman sashe a intanet yana cikin masu biyan kuɗin rashin daidaituwar.

Siffar kanu kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Kai suna ne ko yankin suna: “Kafuwar gari”, “Zuwan Faransawa”. Ƴan'uwan da ke mataki ɗaya su zo da ƙira ɗaya, kada ɗaya ya zama suna, ɗaya tambaya, ɗaya cikakkiyar jimla. Babban baƙi a kalmar farko da sunayen yanka ya isa. Maimaita sunan maƙala a kowane kai, “Tarihin Maraɗi”, “Kasuwancin Maraɗi”, ɓata wuri ne a allon da bai fi tafin hannu ba.

Saura kanun ƙarshen maƙala, waɗanda suke dawowa a kowane shafi. A Wikipedia ta Hausa ana samun “Manazarta” a wata maƙala, a wata kuma “Nassoshi”, duk don sashen madogara. Kalmar nassi tana da gidanta a ilimin addini, inda take nufin matanin da ake kafa hujja da shi, kuma rahoton jarida a kan wasan ƙwallo ba nassi ba ne. “Manazarta” ita ce kundayen digiri na Hausa suka daɗe suna amfani da ita, ita ya kamata a tsaya a kai. Irin wannan zaɓi yana jiran a yi shi ga kanun tarihin rayuwa, inda “Aiki” da “Sana'a” suke musayar wuri ba tare da an duba ko mutumin alƙali ne, ko maƙeri, ko ɗan kokawa ba. Jerin kanun da ake yawan buƙata ba shi da tsawo. Ajin nazarin kalmomin fannu a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai yana iya tattara su cikin zango ɗaya, ya auna kowace da ƙamus na Bargery da na Abdou Mijinguini da kuma bakin masu magana, sa'an nan ya kai shawararsa shafin tattaunawa na Wikipedia ta Hausa, inda masu gyara daga ƙetaren iyaka za su amsa ko su musa.